Neman mahaifin John Washington: shekara ɗari ana bin sawu a rajistar cocin Ingila

A watan Disamba na 1791 wata wasiƙa ta tashi daga Landan zuwa ga George Washington, lokacin yana zangonsa na farko a kujerar shugabancin Amurka. Mai wasiƙar shi ne Sir Isaac Heard, shugaban ofishin da ke kula da tambarin manyan gidaje da salsalarsu a Ingila, ofishin da aka kafa tun 1484. Abin da yake son ji shi ne su wane ne kakannin shugaban a Ingila, kuma daga wane gari suka tashi.

Washington ya ba da amsa ranar 2 ga Mayu 1792. Ya ce lamari ne da bai taɓa mayar da hankali a kansa sosai ba. Iyakar saninsa, wajejen 1657, zamanin da Oliver Cromwell ke riƙe da ƙasa, wa da ƙane, John da Lawrence, suka bar Ingila suka sauka a gaɓar kogin Potomac a Virginia. John ɗin nan shi ne kakan mahaifinsa. Ya ƙara da cewa ya sha jin manya a gida suna cewa asalinsu daga arewacin Ingila ne, amma ko Lancashire ne, ko Yorkshire, ko wani lardi da ke gaba da su, ba ya iya tunawa. Wanda ya haifi John da Lawrence kuwa, ya ce ba shi da wata takarda da za ta nuna shi.

Daga wannan wasiƙa zuwa ranar da aka rufe maganar, sai da aka yi shekara ɗari cur. A tsakani an ba da amsa ta kuskure, duniya ta karɓe ta, an rushe ta, an zauna babu amsa fiye da shekara ashirin, sannan aka samo ta gaskiya. Na zaɓi wannan lamari ne saboda duk ramin da mai bin salsala ke faɗawa a takardun Ingila yana cikinsa, kuma saboda waɗanda suka warware shi a ƙarshe mutane ne da ba wanda ya fita nemansu: wani mai bin bashi, wani mijin uwa, da tsofaffin mata biyu da suka bar wasiyya.

Takardun da ake da su

Wanda kakansa ya rayu a Ingila a ƙarni na 19 yana da gatan da masu neman John ba su samu ba, wato ƙidaya. An fara ƙidayar jama'a a can a 1801, ana maimaitawa duk shekara 10, amma sai a 1841 aka fara ajiye sunan kowa gida-gida. Ita ma ta 1841 da nata tarkon. An umarci malaman ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa adadin da ke rabuwa biyar-biyar, mai 29 ya koma 25, kuma ba a tambayi garin haihuwa ba, sai dai ko a wannan lardin aka haifi mutum ko a'a. Daga 1851 ne aka soma rubuta garin haihuwa da matsayin kowa a wajen maigida. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati kuwa ranar 1 ga Yuli 1837 ta fara aiki. John Washington ya rasu tun 1677, don haka ko ɗaya daga cikinsu ba ta riske shi ba.

Abin da ya rage shi ne rajistar coci. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ya ba da umarni kowane cocin gunduma ya riƙa rubuta baftisma da ɗaurin aure da jana'iza. Da aka ga takarda tana lalacewa, a 1598 aka ce a koma rubutu a kan fata, a kwafe na baya, a kuma riƙa aika wa bishop kwafi kowace shekara. Taska ce babba, amma sai an san halinta. Ranar baftisma take rubutawa, ba ranar haihuwa ba. A ƙarni na 17 layi guda ne kawai: sunan yaro, sunan uba, kwanan wata, sau da yawa ko sunan uwa babu. Gundumomin coci sun kai dubu goma, kowace da littafinta a akwatin cocinta, kuma a zamanin da ake wannan bincike babu wani jerin sunaye da ya haɗa su wuri ɗaya. Sai ka san garin kafin littafin ya yi maka amfani, garin kuwa shi ne abin da ake nema. Ga kuma yaƙin basasa da ya ɓarke a 1642, wanda daga shi har komawar sarauta a 1660 rajistar wurare da yawa ta yi giɓi. Tasowar John da tafiyarsa duk a wannan tsakanin suka faɗo.

Akwai wasu takardu iri biyu. Na ɗaya wasiyyoyi da takardun gado, waɗanda a Ingila ta wancan lokaci kotunan coci ne ke tabbatar da su. Na biyu littattafan rangadin jami'an tambari, waɗanda daga 1530 zuwa 1688 suke zaga larduna suna rubuta salsalar gidajen da ke da'awar tambari. Za a iya kiran wannan ƙidayar manyan gida.

Sunaye biyu da suka dace

Heard ya buɗe littafin rangadin lardin Northamptonshire na 1618, ya tarar da gidan Washington na ƙauyen Sulgrave. Wanda ya kafa gidan wani Lawrence Washington ne, attajirin ulu, wanda ya yi magajin garin Northampton sau biyu, ya sayi ƙasar Sulgrave daga hannun sarki bayan an rushe gidajen ibadar sufaye, ya rasu a 1584. Jikansa, shi ma Lawrence, ya rasu a 1616 aka binne shi a cocin Great Brington, kuma dutsen kabarinsa ya ce ya haifi maza 8 da mata 9. A cikin mazan akwai John, akwai Lawrence. Tambarin gidan kuma, jajayen layuka biyu da taurari uku a sama a kan fari, shi ne wanda George Washington ke bugawa a hatiminsa.

Wa da ƙane, sunaye sun dace, tambari ya dace. Heard ya ɗauka su ne, ko da yake a matsayin hasashe ya ajiye maganar. Sai George Baker, marubucin tarihin lardin Northamptonshire, ya shigar da ita littafinsa a shekarun 1820 a matsayin tabbas. Daga nan masu rubuta tarihin rayuwar Washington suka riƙa kwafa, wannan daga wancan, har hasashen mutum ɗaya ya zama abin da kowa ya sani.

Ban ga laifin Heard sosai ba. Laifin yana wurin wanda ya goge kalmar "wataƙila". Gidan Washington gida ne mai maimaita suna, kuma duk wanda ya tashi inda ake mayar wa yaro sunan kakansa ya san yadda takwarori ke cika zuriya. A wannan labarin kaɗai Lawrence shida ne: na Sulgrave da ya rasu 1584, jikansa na 1616, ɗan wannan da aka haifa 1602, ɗansa na 1635, ɗan John da aka haifa a Virginia a 1659, da yayan George da suke uba ɗaya, mai gidan Mount Vernon. A irin wannan gida, ganin John da Lawrence a jere ba ya nuna komai sai cewa ka shigo dangin. Kama da wane ba wane ba ne.

Mai rushewa

Joseph Lemuel Chester Ba'amurke ne da ya zauna a Landan, ya ba da sauran rayuwarsa ga kwafar rajistar coci da hannu. Abin da ya tara ya haura manyan juzu'ai 80, kuma shi ne ya fitar da rajistar babban cocin Westminster Abbey na Landan a 1876. A 1866 ya wallafa maƙala da ta yi abu mai sauƙi wanda ba wanda ya yi kafin shi: ya bi John da Lawrence na Sulgrave ɗaya bayan ɗaya ya ga inda rayuwar kowannensu ta kai.

John ya zama Sir John Washington na garin Thrapston. Tun shekarun 1620 aka ba shi wannan muƙami, kuma a Ingila ya ƙare rayuwarsa. Lawrence kuwa malami ne a jami'ar Oxford, daga baya limamin cocin Purleigh a lardin Essex. Lissafin shekaru ma kaɗai ya isa. John na Virginia ya yi aure wajen 1658, ya fara haihuwa a 1659, kuma a 1675 shi ke jagorantar mayaƙan sa-kai a fagen daga. Mutumin da ya riga ya zama Sir fiye da shekara hamsin kafin nan ba zai zama shi ba, kuma da shi ne, da takardun Virginia ba su manta da muƙaminsa ba. Limamin ma haka: an haife shi 1602, kuma rajistar cocin All Saints da ke Maldon ta nuna an binne shi ranar 21 ga Janairu 1653, shekara huɗu kafin wani Washington ya taka Virginia.

Chester ya rushe ginin, bai iya ɗora wani ba. Ya ci gaba da nema har ya rasu a 1882 bai samu ba. A ganina aikinsa bai gaza na wanda ya zo ya gano ba. Mutum ya fito ya ce wa ƙasashe biyu abin da suke alfahari da shi ba daidai ba ne, alhali ba shi da madadin da zai miƙa musu, wannan yana bukatar gaskiya da dauriya. Kuma da bai share filin ba, babu mai sake fita nema, tunda kowa na ganin an riga an samu.

Mai bin bashi a Luton

Henry FitzGilbert Waters, mutumin Salem a Massachusetts, ya isa Landan a 1883, ƙungiyar masu bin salsala ta yankin New England na Amurka ce ta tura shi. Hanyarsa daban ce. Maimakon ya ɗauki suna ɗaya ya bi, sai ya zauna yana karanta wasiyyoyi da takardun gado na ƙarni na 17 a jere, yana tsince duk inda aka ambaci Virginia ko New England. Ta haka ya gano asalin John Harvard, wanda jami'ar Harvard ta ci sunansa, a unguwar Southwark ta Landan.

Cikin wannan karatun ya ci karo da 'yar gajeriyar shigarwa da Latin, ta watan Mayu 1677. Babbar kotun gado ta Canterbury ta ba wani Edmund Jones izinin kula da dukiyar Lawrence Washington, wanda a da yake zaune a Luton a lardin Bedfordshire, ya rasu a Virginia can ƙetaren teku. An ba Jones izinin ne a matsayin babban mai bin mamacin bashi.

Wannan ce takarda ta farko da ta ɗaure wani Washington na Virginia da wani gari takamaimai a Ingila. A lura kuma ba John ta ambata ba, ƙanensa ta ambata. Shekara da shekaru ana bin wan saboda shi ne kakan shugaba, ashe ƙofar tana wajen ƙanen. Rajistar cocin Luton ta ƙarasa bayani: Lawrence ya auri Mary Jones a can a 1661, an yi wa 'yarsu Mary baftisma a 1663. Mai bin bashin surukinsa ne. Wasiyyar Lawrence da ke Virginia ma ta bar wa wannan 'yar tasa Mary duk abin da ya mallaka a Ingila. Nan ma an gyara wani abu a labarin gida: mutumin da ke ɗaura aure a Luton a 1661 bai tare a Virginia tare da wansa a 1657 ba. Bakin zuriya ya haɗa tafiya biyu ya mayar da su ɗaya.

Da gari ya samu, Waters ya fara zagaye kewayensa. Kimanin mil 12 daga Luton akwai garin Tring a lardin Hertfordshire, wanda a lokacin al'amuran gadonsa ke ƙarƙashin wata ƙaramar kotun coci. A takardun wannan kotun ya samu wasiyyar wani Andrew Knowling na Tring, mai kwanan watan Janairu 1649. A nan sai an yi hattara da kalanda. Har zuwa 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka Janairun 1649 a takardarsu Janairun 1650 ne a lissafinmu. Wanda bai san wannan ba zai iya ganin an tabbatar da wasiyya kafin a rubuta ta, ko an binne yaro kafin a haife shi.

Knowling ya bar filayensa ga Lawrence Washington ƙarami, yaron da ya tsaya wa a wajen baftisma, ya kuma naɗa shi mai zartar da wasiyyar. Ya bar kuɗi ga uwar yaron, Amphyllis Washington. Sannan ya jera sauran 'ya'yanta: John, William, Elizabeth, Margaret, Martha. Da yake yaron shekararsa 14, sai kotu ta naɗa masa mariƙi, wani John Dagnall.

Sai yanzu rajistar coci ta samu bakin magana, domin an san littafin da za a buɗe. A rajistar Tring, ranar 23 ga Yuni 1635, ga baftismar yaro da magatakarda ya rubuta "Layaranc", ɗan "Layarance" Washington. Shekara 14 daidai a Janairun 1650. Ga Elizabeth a 1636. Ga William a 1641, wannan karon an rubuta sunan gidan "Washenton". Magatakardan ƙauye yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, kuma mai neman suna da haruffan da ya saba gani zai wuce waɗannan layuka bai waiwaya ba. A Janairun 1655 aka binne matar da rajistar ta kira uwargida Washington. Bayan rasuwarta kotun gado ta ba ɗanta John izinin kula da abin da ta bari. Ke nan a lokacin ya kai shekarun da doka ta yarda da shi, iyaye biyu sun rasu, babu gado mai yawa. Ba a daɗe ba sai ga wani John Washington a cikin ƙaramin jirgin fataucin taba mai suna Sea Horse of London, tare da Edward Prescott. Jirgin ya kafe a kogin Potomac a farkon 1657, John ya zauna, ya auri Anne 'yar Nathaniel Pope, uban ya ba su eka 700 a Mattox Creek.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce mai wuya. Wane Lawrence ne mijin Amphyllis? Rajistar Tring ba ta faɗi sana'arsa ba, ba ta faɗi garinsu ba. Abin da kawai ta yi shi ne sa masa laƙabin girmamawa da ake ba mai ilimi ko ɗan babban gida. Amsar ta fito ne daga 'yar takardar zaman kotun da aka yi kan wasiyyar Knowling a Wheathampstead, ƙarshen Janairun 1650. Wanda ya zauna a madadin alƙali a wannan zama kaɗai, an rubuta sunansa da Latin: Lawrence Washington, mai digiri na biyu na jami'a. Mai wannan suna da wannan digiri a wancan zamani, wanda kuma zai iya zama a kujerar kotun coci, shi ne malamin kwalejin Brasenose ta Oxford, limamin Purleigh. Uba ne ya zo ya ga an tsare haƙƙin ɗansa.

Waters ya wallafa sakamakonsa a 1889. Limamin da Heard ya ɗauka shi ne ya yi ƙaura, wanda Chester ya nuna bai taɓa barin Ingila ba, shi ne mahaifin waɗanda suka yi ƙaurar. Heard ya sami gidan daidai, ya kuskure tsara ɗaya.

Tan ɗaya na taba

Duk da haka hujjar ba ta gama rufuwa ba, kuma masu shakka suna da gaskiyarsu. An nuna akwai John da Lawrence 'ya'yan Amphyllis a Tring, an nuna akwai John da Lawrence a Virginia, Luton kuma tana kusa da Tring. Amma ai irin wannan dacewar ce ta yaudari mutane tun farko. Ana bukatar takarda da za ta kama ɓangarorin biyu da hannu ɗaya.

'Yan'uwa mata ne suka kawo ta. John, a wasiyyar da ya rubuta a Virginia a 1675, ya ambaci 'yar'uwarsa Martha, ya yi mata tanadi idan ta zo ƙasar. Ta kuwa zo, ta yi aure ta zama Martha Hayward, ta rasu a gundumar Stafford ta Virginia a 1697. A farkon shekarun 1890 Worthington C. Ford, mai tattara rubuce-rubucen George Washington, ya fito da wasiyyarta. A ciki ta bar tan ɗaya na taba ga babbar yayarta Elizabeth Rumbold a Ingila, wani tan ɗin ga 'yar'uwarta Margaret. Taba ita ce kuɗin Virginia a lokacin. Martha, Elizabeth, Margaret, John, Lawrence: sunaye biyar daga cikin shida na wasiyyar Knowling.

A can Ingila kuma akwai wasiyyar wata dattijuwa, Elizabeth Mewce, ta 1676. Ita 'yar Lawrence na Sulgrave ce wanda ya rasu 1616, wato ita da limamin Purleigh da Sir John ciki ɗaya suka fito, kuma wannan ba a taɓa jayayya a kansa ba. Cikin waɗanda ta bar wa kyauta akwai wadda ta kira 'yar ɗan'uwanta, Elizabeth Rumball. Mace ɗaya ce, haruffan ne suka ɗan bambanta. Wadda Martha ta Virginia ta kira yaya, ita ce gwaggo ta gidan Sulgrave ta kira 'yar ɗan'uwa. Matan biyu ba su rubuta don wani mai bincike ba, kowacce rabon abinta take yi, shekara 21 tsakani, teku kuma a tsakaninsu. Shi ya sa shaidarsu ta fi kowace ƙarfi.

Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai a duk labarin. Salsalar da aka zana a littattafai ta maza ce, uba zuwa ɗa, matan kuma sau da yawa sai a ce "da 'ya'ya mata" a wuce. Amma namiji mai wasiyya yakan bar ƙasa ga babban ɗa ya gama. Gwauruwa ko gwaggo mai ɗan abin hannu ita ce ke zama ta lissafo kowa, 'yar wane da jikar wance, har da sunan gidan mijin da kowacce ta aura. Sunan aure irin Rumbold ba ya maimaituwa a dangi kamar Lawrence, don haka shi ne ke rarrabe wannan gida da wancan.

Inda shi ma Waters ya zame

Kalmar da Knowling ya kira Amphyllis da ita, a Turancin yau matar ɗa take nufi. A ƙarni na 17 tana kuma nufin agola, kuma Waters ya gane haka: Knowling mijin uwarta ne. Amma wasiyyar ta ambaci wani William Roades da kalma irin wannan ta namiji, sai Waters ya ɗauka shi ma agola ne, ɗan'uwan Amphyllis, ya yanke cewa sunan gidansu Roades. Shekaru da dama haka littattafai suka riƙa rubuta ta. Bincike na baya ya nuna ita 'yar John Twigden ce na Little Creaton a Northamptonshire, kuma ta hanyar aure Roades ya shigo dangin. Kalma ɗaya mai ma'ana biyu, a takarda ɗaya, ya fassara ta daidai a layi na farko ya kuskure a na biyu. Wannan bai taɓa asalin hujjarsa ba, amma ya nuna cewa ko wanda ya warware babban ƙulli sai an bi bayansa an duba.

Me ya sa gidan ya ɓace daga ido tun farko? Amsar tana rayuwar limamin. Ya shiga Brasenose a 1619, ya zama malami a can, ya riƙe muƙamin mai kula da ɗa'a na jami'ar a 1631, ya samu cocin Purleigh a 1633, wuri mai kuɗin shiga sosai. Da yaƙin basasa ya tashi yana ɓangaren sarki. A 1643 majalisa ta tsige shi, aka zarge shi da yawan zaman mashaya, zargin da aka yi wa limamai da dama masu goyon bayan sarki. Ya ƙare a ƙaramin cocin Little Braxted mai ɗan abin samu kaɗan, matarsa da yara kuma suna Tring wajen mijin uwarta. Iyalin da ba su da ƙasa, ba su zaune wuri ɗaya, uba a Essex uwa a Hertfordshire, a shekarun da rajista ke da giɓi, ba sa barin sawu mai zurfi. Jami'an tambari sun rubuta limamin a 1618 yana saurayi ɗan babban gida. 'Ya'yansa ba su shiga wannan littafi ba.

Maganar arewa da George ya ji a bakin manya ita ma ba ƙarya ba ce. Sunan gidan daga ƙauyen Washington yake a lardin Durham na wancan zamani, can arewa maso gabas, inda kakansu na farko ya zauna wajen 1180. Wani reshe ya gangaro Warton a Lancashire, kuma daga wannan reshen attajirin ulun Sulgrave ya fito. Labarin baka ya riƙe Lancashire da lardin da ke gaba da ita, ya zubar da fiye da ƙarni guda na zaman tsakiyar Ingila da kudancinta. Wanda ya ɗauki maganar yadda take ya tafi neman John a rajistar arewa, zai ƙare rayuwarsa bai gan shi ba.

A 1914 aka tara kuɗi a Birtaniya aka sayi gidan Sulgrave, don tunawa da cika shekara 100 da yarjejeniyar Ghent da ta kawo ƙarshen yaƙi tsakanin Birtaniya da Amurka, kuma har yau masu ziyara na zuwa. John kansa, wanda duk wannan aiki domin shi aka yi, layin baftismarsa ba ya cikin rajistar Tring, kuma ba a fito da shi daga wata rajistar ba. Malaman kwalejin Oxford a lokacin ba a yarda su yi aure suna kan kujera ba, mahaifinsa kuwa sai a 1633 ya ajiye tasa, shi ya sa masana suka rabu kan shekarar haihuwarsa, wasu na cewa 1631, wasu 1633. An san uwarsa, an san ubansa, an san 'yan'uwansa biyar da sunayensu, duk daga wasiyyoyin wasu mutane da takardun kotu.